Kujerar da ake cigiyar mai ita

A shekarar 2015 mutum kusan 163,000 ne suka nemi mafaka a Suwidin, ƙasar da jama'arta a lokacin ba su cika miliyan 10 ba. Cikinsu har da yara fiye da 35,000 da suka iso su kaɗai, ba uwa ba uba, ba ko ɗan rakiya. Kusan biyu cikin kowane uku 'yan Afganistan ne, akasarinsu samari, da yawa 'yan ƙabilar Hazara waɗanda ma a Iran suka girma, wato tun kafin su taka Turai sun riga sun saba da a kira su baƙi. Hukuma ta yi irin abin da hukuma ke iyawa. Ta rarraba su ga ƙananan hukumomi, aka ba su makwanci a gidajen kula da matasa ko wajen wasu iyalai, aka sa su makaranta, kowanne aka naɗa masa babban da zai tsaya masa kamar waliyyi wajen cike takardu.

Sai dai akwai abin da ba a rabawa a ofis. An tashi daga makaranta, a watan Disamba rana ta faɗi tun kafin ƙarfe huɗu, sanyi kamar zai tsaga ƙashi, yaro na zaune a ɗaki yana latsa waya, yana jiran wasiƙar hukumar shige da fice wadda sai ta yi shekara ko fiye ba ta zo ba. Cikinsa a ƙoshe, jikinsa a rufe, amma duk faɗin garin babu mai ɗaga kai ya ce, "Yau ina wane?"

Wannan giɓin ne shirye-shiryen kiɗa da waƙa da zane da wasan kwaikwayo suke ƙoƙarin cikewa a garuruwan da baƙi suka sauka. Ana yawan yaba su da manyan kalmomi, a ce kiɗa magani ne, a ce harshe ne da kowa ke ji. Ni dai a ganina amfaninsu ya fi wannan sauƙin faɗa, kuma ya fi shi nauyi: suna samar wa baƙo wurin da idan bai zo ba za a san bai zo ba. Kusan duk sauran alherin daga nan yake tsirowa.

Ron Davis Álvarez mai goge ne irin na Turawa, ɗan ƙasar Benezuwela. Ya tashi a cikin tsarin nan da ake kira El Sistema, wanda José Antonio Abreu ya fara a 1975 da matasa 11 a wani garejin ajiye motoci a Karakas, babban birnin ƙasar, da nufin a koya wa yara kiɗa kyauta a cikin taro. Kafin ya zo Suwidin ya koyar a wani gidan kula da yara a Uummannaq, can ƙuryar Girinlan, saboda haka sanyi da yaran da ba su da kowa duka ba baƙinsa ba ne. Birnin Gothenburg na Suwidin kuwa dama akwai tsohuwar alaƙa tsakaninsa da El Sistema. Gustavo Dudamel, wanda ya fi kowa suna cikin waɗanda tsarin ya yaye, shi ya jagoranci babbar ƙungiyar makaɗan birnin daga 2007 zuwa 2012, kuma a 2010 aka buɗe reshen farko na tsarin a Suwidin, a unguwar Hammarkullen ta birnin, inda baƙi suka fi yawa. A 2015 Álvarez ya ga samarin nan suna saukowa daga jirgin ƙasa a tashar Stockholm, kowa da 'yar jakarsa. A 2016 ya tara 13 daga cikin irinsu a Gothenburg, ya sa wa ƙungiyar suna Dream Orchestra. Yawancinsu ba su taɓa riƙe kayan kiɗa ba, kuma babu wani harshe ɗaya da ya haɗa su da malamin. Yau 'yan ƙungiyar sun kai ɗaruruwa, daga ƙasashe fiye da 20, ƙanana da manya, baƙi da 'yan gari. A 2024 tashar CNN ta sa shi cikin gwarazanta na shekara.

Yadda ake koyarwar shi ne ya kamata a tsaya a duba. A tsohuwar al'adar Turai yaro yakan yi shekaru shi da malaminsa a ɗaki, yana gogawa yana kuskure, sai ya ƙware sannan a bar shi ya zauna cikin jama'a. El Sistema ta juya abin. Ranar da ka zo, ranar za ka zauna a sahu. A ce ga yaro ya shigo, an miƙa masa goge mai tsirkiya huɗu, an nuna masa yadda zai ɗora shi a kafaɗa ya danne da haɓa. Aikinsa na yau bai wuce ya ja sandar gogawa a kan tsirkiya guda ba, ya ƙirga huɗu, ya dawo da ita. Ƙarar da yake fitarwa kamar ta ƙyauren da ya yi tsatsa, amma tana nutsewa cikin ta mutum ashirin, ga wasu da suka riga shi da wata shida suna kaɗa ainihin waƙar a kan wannan muryar tasa guda ɗaya. Sai ya ji abu mai daɗi yana tashi a ɗakin, kuma har da hannunsa a ciki. Wanda ya fi shi da wata shida ɗin shi zai gyara masa riƙon yatsa, ba sai an jira malam ba.

Akwai kuma wata 'yar ƙa'ida ta masu goge da ba kowa ke lura da ita ba. Biyu-biyu suke zama, suna duba takardar kiɗa ɗaya a kan maɗori ɗaya, ɗayansu ke da alhakin juya shafi yayin da ɗayan ke ci gaba da kaɗawa. Ke nan tun makon farko an ɗaura wa yaron nan amana. Akwai mutum guda da zai rasa mai juya masa shafi idan ya yi zamansa a ɗaki.

Sai ka tuna irin tambayoyin da ya saba ji tun da ya bar gida. Kowane babba da ya gamu da shi, ɗan sanda ne, jami'in shige da fice ne, lauya ne, tafinta ne, magana ɗaya ce: wane ne kai, shekarunka nawa, ta ina ka biyo, wa ya kashe wa, ina shaida? Kullum shi ne mai roƙo, mai jiran a yarda da shi. A ɗakin kiɗa babu mai buƙatar tarihinsa. Jagora ya ɗaga hannu, abin da ake so a sani kawai shi ne ko ya shirya.

Duk wadda ta yi gaɗa a dandali ta san wannan ba sai an karantar da ita ba. Yarinya ta zo baƙunta unguwa, ta tsaya daga gefe tana kallo. Ba a yi mata tambayar ko 'yar gidan wa ce ba, an dai matsa an buɗa mata wuri. Ta fara da tafi, don tafi ba ya buƙatar sanin waƙa. Zagaye biyu ta kama amshi. Can sai layi ya zo kanta, ta fita tsakiya, ta juya baya, ta saki jiki ta faɗo, hannuwan da ba ta san sunan masu su ba suka tare ta suka cilla ta sama. Daga wannan daren ta tashi daga baƙuwa, gobe idan ba ta fito ba za a aika a kira ta. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido, amma ga shi dandali ya yi mata jagora ba tare da an ce mata uffan ba.

Masu bincike sun auna wani abu mai kama da haka. A 2015 wasu masana a jami'ar Oxford suka bi manya fiye da 100 da ke zuwa azuzuwan koyon abubuwa na mako-mako har tsawon wata bakwai, wasu suna ajin waƙa, wasu ajin sana'ar hannu, wasu ajin ƙagaggen rubutu. A watan farko masu waƙa sun fi sauran saurin shaƙuwa da juna. Amma da aka kai wata na bakwai sai tazarar ta ɓace, kowane aji ya shaƙu. Wannan ya nuna abu biyu. Waƙa tana saurin narkar da baƙunta, wannan gaskiya ne. Sannan abin da ke ɗaure zumunci a ƙarshe shi ne yawan haɗuwa, mako bayan mako, a wuri ɗaya da mutane ɗaya. Da masu ɗinki da masu zane duk za su isa, in dai ba a rufe musu ƙofa ba.

Kada kuma a zuzuta abin ya wuce kima. Ita kanta El Sistema an auna ta a gidanta. Wani bincike da bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka, IDB, ya ɗauki nauyi a kan yara kusan 2,900 a Benezuwela ya gano cewa bayan shekara guda an sami ƙarin kamun kai da raguwar rashin ji, musamman ga yara maza da suka tashi cikin tashin hankali. Amma ba a ga wani canji a kaifin ƙwaƙwalwa ba. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, cikin yaran da suka nemi shiga, kusan ɗaya cikin shida ne kawai ɗan talaka, alhali a jihohin da aka yi binciken kusan rabin jama'a talakawa ne. Wato ko abu kyauta ne, mai ɗan hali ke fara jin labarinsa, shi ke da kuɗin mota, shi ke da uwar da za ta raka shi. Haka abin yake ga 'yan gudun hijira. Yaron da ya fi kowa buƙata, wanda baƙin ciki ya kwantar, ba shi ne zai karanta sanarwa a bango ya taso ba. Sai an je har inda yake, a ƙwanƙwasa masa ƙofa, a koma a sake ƙwanƙwasawa.

Wata tambayar kuma ita ce, su wa ke cikin ɗakin? Idan baƙi ne zalla, an dai rage musu kaɗaici, amma an gina zango ne a cikin zango. Tun a 1954 wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka, Gordon Allport, ya yi bayanin cewa cuɗanya kaɗai ba ta kashe ƙyama. Sai ɓangarorin sun haɗu a matsayi ɗaya, suna neman abu ɗaya, kowa na buƙatar ɗan'uwansa, kuma masu iko sun sa albarka. Rabon tallafi bai cika wannan sharaɗi ba ko kaɗan, don hannu ɗaya na sama, ɗaya na ƙasa. Amma 'yar likita 'yar asalin garin da ita ma jiya ta fara riƙe goge, ƙarar da take fitarwa ba ta fi ta ɗan Hazara daɗi ba, wataƙila ma shi zai gyara mata. A nan ne harshe ke shiga ba da sanin mutum ba: ƙirga ɗaya zuwa huɗu, "a sake," "a hankali," sannan zolaya, sannan hirar shan gahawa da ɗan abin taɓawa da 'yan Suwidin ke kira fika. A wajen wannan hirar ake jin wa ke neman yaron shago, wa ke da ɗakin haya, wace makaranta ce ta fi. Ajin koyon harshe yana koya wa mutum kalmomi. Wanda zai faɗa wa kalmomin kuwa, sai ya nemo shi a wani wuri.

Mu ma nan kusa muna da shaidar cewa harshe ba shi ne duka katangar ba. Tun daga 2019 dubun-dubatar mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka jihar Maraɗi suna gudun 'yan bindiga. Harshe ɗaya, addini ɗaya, wasu ma dangin juna ne ta aure. Hukumomin Nijar da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka zaunar da wasunsu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, kafaɗa da kafaɗa da 'yan gari maimakon a killace su a sansani. Duk da haka sunan nan "'yan gudun hijira" ba ya kankaruwa da buhun gero. Ga yara dai, a filin ƙwallo da dandali da gidan biki yake gogewa.

Akwai wata magana da masu shirya irin waɗannan abubuwa a Turai sukan yi tuntuɓe da ita, wadda Bahaushe zai gane nan take. Ba kowane gida ne ke ganin kiɗa da mutunci ba. 'Yan Taliban sun haramta shi a mulkinsu na 1996 zuwa 2001, sun kuma sake bayan dawowarsu a 2021. Ko ba su ba, akwai iyayen da ke da uzurin addini, akwai masu ganinsa sana'ar ƙasƙanci, kamar yadda a wajenmu mutum zai yi wa maroƙi kari amma ba zai so ɗansa ya rataya kalangu ba. Shirin da ya san abin da yake yi ba ya tsayawa musu da iyaye. Sai ya buɗe wata ƙofar: zane, ɗaukar hoto, ɗinki, rubutacciyar waƙa. Saurayin da ba zai taɓa goge ba, ƙila ya karanto maka baitocin Farisanci da ka har ka gaji. Yarinya kuma sau da yawa abin da ke hana ta zuwa bai wuce lokacin tashi da wanda zai raka ta gida ba.

Inda na fi jin haushi shi ne cinikin hawaye. Kusan duk irin waɗannan shirye-shirye da kuɗin masu ba da agaji suke tafiya, su kuwa masu kuɗi labari suke so su gani. Sai a wayi gari an ɗora yaro a kan dandamali yana kwaikwayon yadda kwale-kwale ya kife da su, 'yan kallo na share ƙwalla, ana tafi, ana ɗaukar hoto. Akwai waɗanda da kansu suke son su faɗi abin da ya same su, wannan haƙƙinsu ne. Amma wani ya riga ya faɗa wa jami'i sau uku, ana rubutawa ana neman inda zai yi tufka da warwara. Shi yanzu so yake ya zana ɗan ƙwallon da yake ƙauna, ko ya yi wasan barkwanci. Idan kullum raunin mutum ne tikitin shigarsa, to an sake mayar da shi mai roƙo, an dai canza masa riga ne. Ga kuma haɗarin fama tsohon miki a wurin da babu ƙwararren da zai ɗaure shi. Sai kuma shirin mako shida: a zo da kayan fenti, a yi zane a bango, a rubuta rahoto, a naɗe tabarma. Yaron da rayuwarsa duka mutane ne ke ɓace masa, an ƙara masa wasu da suka ɓace.

Wurin da aka juya wannan lissafi gaba ɗaya yana Malawi. Sansanin Dzaleka, kimanin kilomita 40 daga Lilongwe, babban birnin ƙasar, tsohon kurkukun 'yan siyasa ne da aka mayar matsugunin 'yan gudun hijira a 1994. An tsara shi don mutum wajen 10,000 zuwa 12,000, yanzu sun haura 50,000, akasari daga Kwango da Burundi da Ruwanda. Dokar ƙasar ta taƙaita musu fita da neman aiki. A 2014 wani mawaƙi ɗan Kwango da ke zaune a sansanin, Trésor Nzengu Mpauni, wanda aka fi sani da Menes la Plume, ya fara wani bikin kiɗa da waƙa da rawa mai suna Tumaini, wato fata nagari da harshen Suwahili. Tunda an hana su zuwa gari, sai suka gayyato gari ya zo. Shiga kyauta ne, dubban mutane na zuwa, makaɗan sansanin da na Malawi da na ƙasashen waje suna hawa dandamali ɗaya. Mata na sayar da abinci, maɗinka da masu sassaƙa na baje kaya. Abin da ya fi burge ni shi ne tsarin sauka: mai zuwa kallo yana iya biya ya kwana a gidan wani iyali na sansanin, ya ci abincinsu. Mutumin da shekara da shekaru ake ce wa baƙo, yau shi ke shimfiɗa tabarma, shi ke kawo ruwa, shi ke cewa sannu da zuwa. Duk wanda ya san darajar mai masauki a zango ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma a watan Mayun 2023 jami'an tsaron Malawi suka bi 'yan gudun hijirar da suka kafa 'yan sana'o'insu a cikin birni, suka kwashe su aka mayar Dzaleka, wasu sai da suka kwana a kurkuku tukuna. Biki bai hana ba. Haka aka yi a Calais ta Faransa, inda a 2015 wasu matasan marubutan wasan kwaikwayo biyu 'yan Ingila, Joe Murphy da Joe Robertson, suka kafa wata rumfa mai kama da kifaffiyar ƙwarya a tsakiyar sansanin masu son tsallakawa Birtaniya. Sun sa mata suna Good Chance, daga maganar da mazauna wurin ke yi wa juna a daren da suke ganin akwai sa'ar tsallakawa. An yi waƙa, an yi rawa, an yi wasa a cikinta wata da watanni. A farkon 2016 aka fara rushe sansanin, rumfar ta tashi, zuwa Oktoba an share wurin baki ɗaya.

Suwidin ma ba ta tsaya inda take a 2015 ba. A Yulin 2016 aka kawo dokar da ta mayar da yawancin izinin zama na wucin gadi, ta kuma tsaurara ɗauko iyali. A 2017 aka fara auna shekarun yara a asibiti, ta hanyar ɗaukar hoton haƙoran ƙarshe na turame da na gwiwa. Wanda aka ce ya kai 18, nan take ya rasa waliyyinsa da makwancinsa a gidan matasa, ana iya tura shi masaukin manya a wani gari mai nisa. A watan Agustan wannan shekarar samarin Afganistan suka yi zaman dirshan na makonni a Stockholm suna roƙon a daina mayar da su. Masu bincike a cibiyar nazarin lafiya ta Karolinska sun ƙirga 12 cikin irin waɗannan matasa da suka kashe kansu a 2017 kaɗai. A 2018 aka yi wata doka da ta bar wasu dubbai su zauna su gama sakandare, da sharaɗin su sami aiki na dindindin cikin wata shida bayan gamawa. Da yawa daga waɗanda aka ƙi suka sulale zuwa Faransa, suka sake sabon lale a titunan Paris, suna hira da juna da harshen Suwidin.

A nan ƙungiyar kiɗa na iya yin wasu abubuwa, ba za a raina ba. Wani cikin iyayen 'yan gari na iya ba yaro ɗaki, wani ya san lauya, wani ya san mai neman ma'aikaci. Duk albarkacin zama a sahu ɗaya ne. Amma jagoran makaɗa ba ya buga hatimi a fasfo. Idan wasiƙar ta zo da "a'a," ranar gwaji ta gaba za a jera kujeru kamar kullum, a ɗora takarda a kan maɗori, jagora ya ɗaga hannu. Da an kai ƙarshen shafi, abokin zamansa zai dakata da kaɗawa, ya miƙa hannu ya juya da kansa.